An sayar da filin unguwarku? Ga yadda ake neman takardun a ma'aikatar magajin gari

Da sassafe yayana ya kira ni daga garinmu, wata kwamin ce, wato ƙaramar hukuma, a nan cikin jihar Tahoua, ba zan kama sunanta ba. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce: "Kai, an saida hilin bayan lakwal." Filin bayan makarantar boko yake nufi, na san shi kamar tafin hannuna. Nan yara ke buga ƙwallo bayan la'asar, nan ake kafa rumfa in an yi rasuwa ko ɗaurin aure, nan mata ke tsayawa da jarkoki in famfo ya kawo ruwa. An wayi gari sai ga borni huɗu, wato duwatsun shaidar iyaka, da jan fenti, tifa ta juye yashi, wani saurayi yana yayyafa wa bulo ruwa.

Mutanen unguwa suka yi abin da muka saba yi. Suka taru, sun kai talatin, suka nufi ma'aikatar magajin gari. Aka ce ya yi tafiya. Washegari aka ce yana taro. Rana ta uku mutum bakwai kaɗai suka je. Kafin sati biyu katanga ta kai ƙugu, kuma in ka tambayi unguwar kaf wa ya sayar, wa ya saya, nawa aka biya, amsa ɗaya ce: "An ce."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zuwa ukun nan da suka yi bai bar sawu ko ɗaya ba. Babu takardar da ta shiga, babu wadda ta fito. A idon ofis kamar ba wanda ya taɓa zuwa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan jagora, don wanda abin zai faɗa wa gobe ya fara daga inda mu muka makara.

Fara da sanin irin dukiyar

Dukiyar kwamin kashi biyu ce, kuma dukan rigimar tana rataye ne a kan wannan bambanci. Akwai wadda aka keɓe don amfanin jama'a: hanyoyi, dandali, maƙabarta, wuraren da aka ware wa makaranta ko asibiti ko shan iska. Wannan ba ta sayuwa muddin tana cikin wannan matsayi. Kafin a taɓa ta sai an fitar da ita daga rukunin da wani hukunci a rubuce, wanda a takarda ake kira déclassement. Akwai kuma dukiyar da kwamin ke riƙe da ita kamar yadda mutum ke riƙe da tasa: filayen da aka yanka don sayarwa, tsofaffin motoci, wasu gine-gine. Wannan ana iya sayar da ita, amma bisa ƙa'ida, kuma kuɗin ya shiga baitulmalin gari.

A karkarar Adar, wato yankinmu na Tahoua, akwai kashi na uku da ke yawan jawo faɗa: burtali, makiyaya da bakin tabki. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 sun kāre su daga mallakar mutum ɗaya, kuma bayanansu suna hannun kwamitocin kula da filaye, wato COFOB a ƙauye, COFOCOM a kwamin, COFODEP a gunduma. In filin da ake magana irin wannan ne, can za ka fara.

Je ka wurin da kanka da rana tsaka. Ɗauki hoto daga kusurwa huɗu, ka haɗa da wata alama da ba ta gusawa, kamar katangar makaranta ko turken lantarki. Duba jikin bornin, sau da yawa akwai lamba. Nemi maƙwabcin da ya fi kusa ya nuna maka takardar filinsa, domin a kanta za ka ga sunan loti, wato yankin da hukuma ta yanka filaye, lambar rukunin gidaje da ake kira ilo, da lambar farsel, wato filin gida ɗaya. Waɗannan ukun su ne adireshin fili a wurin ma'aikata. In ka ce musu "filin bayan lakwal" za su iya cewa ba su gane ba. In ka ce loti kaza, ilo kaza, babu wurin zillewa.

Dokar da za ka jingina da ita

Mutane da dama ba su san Nijar tana da dokar samun bayanai ba. Tana nan: doka mai lamba 2011-22 ta 23 ga Fabrairu 2011, wadda aka sa wa hannu a ƙarshen riƙon ƙwaryar Janar Salou Djibo. Ta ba kowa damar ganin bayanan hukuma da takardun mulki, ko dai ya karanta a wurin, ko a yi masa kwafi ya biya kuɗin kwafin. Ta kuma jera abubuwan da ba a bayarwa, irin su sirrin tsaro da abin da ya shafi rayuwar mutum ta ƙashin kansa. Sayar da filin gari ba sirrin tsaro ba ne.

Ta biyu ita ce kundin dokokin ƙananan hukumomi, doka mai lamba 2010-54 ta 17 ga Satumba 2010. A ƙarƙashinta majalisar kwamin ce ke yanke shawara kan dukiyar gari, magajin gari yana zartarwa, wakilin gwamnati kuma yana duba ko an bi doka. Kundin ya amince wa mazauna gari su san yadda ake tafiyar da al'amuransu.

Abu biyu a nan suna ɓatar da mutane. Na farko, Tahoua, kamar Yamai da Maradi da Damagaram, birni ne mai matsayi na musamman tun 2010. An raba Tahoua da'ira biyu, Yamai biyar. Da'irar reshe ce ta birnin, ba ita ke da dukiyar ba. Saboda haka in kana Bilbis ko Wadata ko Gueben Zogui, wasiƙarka babbar ma'aikatar birni za ta je, ka ba da'irarku kwafi. Na biyu, a watan Afrilu 2024 an rushe zaɓaɓɓun majalisu aka naɗa kantomomi. In cinikin ya faru kafin nan, shawarar majalisa za ka nema. In bayan nan ne, ka nemi hukuncin da kantoma ya sa wa hannu da amincewar hukumar da ke sama da shi. Sauyin shugaba ba ya shafe tsofaffin dosiye, suna nan a ma'ajiya, kuma wanda ke kan kujera yau shi ke da alhakin fito da su.

Kada ka nemi bayani, nemi takarda

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Mukan rubuta: "Muna son a yi mana bayani kan filin unguwarmu." Sai a kira ka, a ba ka kujera, a yi maka bayani mai daɗi na rabin awa, ka fito hannu rabbana. An biya maka buƙatar da ka rubuta, ba ka da abin cewa. Kira kowace takarda da sunanta.

Wadda ta fi kowace nauyi ita ce taswirar loti da aka amince da ita, tare da hukuncin ministan da ke kula da tsarin birane da ya ba da izinin yanka lotin. A kan taswirar ne za ka ga abin da aka rubuta a kan filin tun ranar farko: farsel ne mai lamba, ko an rubuta réserve, wato wurin da aka keɓe don buƙatar jama'a, ko espace vert, wurin shan iska, ko an zana shi a matsayin makaranta. Ka nace a kan taswirar da ke ɗauke da hatimi da kwanan wata. Akan samu wata ta biyu da aka sake zanawa daga baya, wadda a cikinta wurin da aka bari fili ya haifi farsel shida. In taswira biyu suka bambanta, tambayarka ta gaba ta fito da kanta: ina hukuncin da ya ba da izinin canjin?

Sai shawarar majalisa, délibération, tare da rahoton zaman da aka yanke ta, wanda ke nuna ranar zama da waɗanda suka halarta. Sai takardar miƙa fili, acte de cession, wadda ita ce mai saye ke riƙewa. Sai shaidar biyan kuɗi daga ma'ajin gari, domin kuɗin fili ba a aljihun kowa yake sauka ba, akwai rasit mai lamba. In kana son ka bi kuɗin har gida, nemi lissafin ƙarshen shekara na kwamin, compte administratif, ka duba layin kuɗin sayar da filaye na shekarar.

In mota ce ko tarakta ko wani kayan aiki aka sayar, hanyar gajera ce: takardar da ta ce kayan ya gaji an cire shi daga aiki, sanarwar gwanjo, rahoton gwanjon, da rasit. Shagunan kasuwa kuwa galibi haya ake ba da su, don haka yarjejeniyar hayar za ka nema.

Shawarata, kada ka tula duka a wasiƙa ɗaya. Wanda ya nemi abu goma akan ba shi biyu marasa amfani a ce an amsa. Fara da taswira da shawarar majalisa. Sauran za su biyo baya in ka ga inda bango ya tsage.

Rubutawa da kaiwa

Ko da yake kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, takardun fili har yanzu da Faransanci suke, kuma da shi ake rajistar wasiƙu. In ba ka iya ba, malamin makarantar unguwa ko marubucin da ke zama bakin ma'aikata zai rubuta maka, amma ka sa ya karanta maka da Hausa kafin ka sa hannu. Shafi ɗaya ya isa. Sunanka, unguwarka, lambar wayarka. A kan magana a rubuta Demande de communication de documents administratifs. A ambaci dokar 2011-22 da ranarta. A jera takardun da lambobin filin. A ce kana shirye ka biya kuɗin kwafi, ko ka zo ka karanta a wurin ranar da suka ga dama.

Kada ka zargi kowa a ciki. Kada kalmar sata ko cuwa-cuwa ta shiga. Wasiƙar da ke zagi tana ba mai karɓa dalilin jefa ta cikin aljihun tebur, kuma tana iya juyowa kanka. Haka nan ba sai ka yi dogon bayanin dalilinka ba, kai mazaunin gari ne, wannan ya wadatar.

Mutum nawa za su sa hannu? Na fi son uku zuwa biyar, waɗanda ba sa tafiya bida da rani, waɗanda za a same su in an kira. A sa mace a ciki, domin mata ne suka fi sanin amfanin filin kuma su ne ba sa gajiya da komawa. A sanar da mai unguwa tun kafin a kai, cikin ladabi. Ba izininsa ake nema ba, amma bai kamata ya ji labari a bakin wani ba, kuma sau da yawa shi ya san tarihin wurin tun kafin a yanka loti.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a jagorar nan. Yi kwafi biyu. Kai su ofishin karɓar wasiƙu, ba hannun wani ɗan uwa da ke aiki a ciki ba, ba kuma hannun magajin gari a bakin masallaci ba. A karɓi ɗaya, a buga wa ɗayar hatimi, a rubuta kwanan wata da lambar shiga, a mayar maka. Wannan ita ake kira desharji.

Ranar da na kai tamu, wata dattijuwa ce a teburin, da babban rajista mai baƙin bango a gabanta. Ta karanta wasiƙar har ƙasa, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Ɗana, ka aje, za a ba shi."

Na ce: "Inna, na gode. A taimaka a buga mini hatimi a kan tawa."

"Mi za ka yi da shi?"

"Mutanen unguwa suka aiko ni, Inna. In na koma hannu sake za su ce ban zo ba."

Ta yi shiru kaɗan, ta jawo rajistar, ta rubuta lamba, ta hura wa hatimin iska ta danna. Ban yi ƙarya ba, aiko ni aka yi. Kuma na lura da cewa yawancin ma'aikatan nan ba abokan gābarmu ba ne, mutane ne masu tsoron a ce su suka buɗe ƙofa. In ka ba su dalilin da zai kāre su, sukan yi abin da ya dace.

Da ka fito, ɗauki hoton desharjin da waya, ka tura wa mutum biyu. Ka sayi ƙaramin littafi na dala ashirin, ka riƙa rubuta kowane zuwa: rana, wanda ka gani da muƙaminsa, abin da ya ce.

In an yi shiru, ko an hana

Shiru shi ne amsar da aka fi bayarwa. Bayan sati biyu ka koma da wasiƙar tuni, gajera, mai ɗauke da lambar shigar ta farko, ita ma a buga mata hatimi. Nemi ganin sakatare janar, domin shi ne mai riƙe da ma'aikata, shugabanni suna zuwa suna tafiya shi yana nan.

Za ka ji amsoshi iri-iri. In an ce sirri ne, ka roƙa a rubuta maka hakan tare da dalili, domin hani na hukuma a rubuce ake yin sa. Sau da yawa wanda ya faɗa da baki ba ya yarda ya sa hannu a kai. In an ce akwai sunan mai saye a ciki, ka ce a rufe sunan da lambar wayarsa a ba ka sauran. Taswira da shawarar majalisa ma ba su ƙunshi sirrin kowa ba. In an ce dosiyen ya ɓace, ka nemi a rubuta cewa ya ɓace, sannan ka tuna ba kwafi ɗaya ake yi ba: shawarwarin majalisa ana aika su wurin wakilin gwamnati, taswirar loti kuma tana ofishin tsarin birane na jiha da ofishin safiyo da rajistar filaye.

In ma an ƙi karɓar wasiƙar gaba ɗaya, akwai wisiye, ma'aikacin shari'a mai isar da takardu. Shi zai kai, ya rubuta rahoton cewa ya kai, kuma rahotonsa hujja ce a kotu. Yana iya zuwa filin ma ya rubuta abin da ya gani, tsawon katanga da ranar da ya gan ta. Aikinsa da kuɗi, amma in gida ashirin suka haɗa jika-jika abin ba ya gagara.

Daga nan sai sama. Dokar 2011 ta ɗora wa mai shiga tsakani na ƙasa, Médiateur, sauraron koken wanda aka hana bayani. Tsarin hukumomi ya sauya tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, don haka ƙofar da ta fi kusa da kai ita ce ta mai sa ido a kan kwamin: perefe in kwamin ɗin cikin gunduma take, gwamna in babban birni ne. Ka haɗa masa kwafin duk wasiƙunka masu hatimi. A nan ne za ka ga amfanin wahalar da ka sha: ba labari kake ba shi ba, ranaku da lambobi kake nuna masa.

Kotu ita ce ta ƙarshe, amma kada ka bari sai ƙarshe kafin ka ga lauya. Ƙarar neman soke hukuncin hukuma tana da wa'adi gajere, da watanni ake lissafa shi, kuma akan bukaci ka fara kai koke wurin hukumar kafin alƙali ya saurare ka. Wanda ba shi da hali ya tambayi ofishin taimakon shari'a na ANAJJ a babbar kotun jiha. In kuma takardun sun nuna kuɗi sun shiga wani wuri da ba baitulmali ba, wannan ya zama aikin mai gabatar da ƙara ko hukumar COLDEFF da aka kafa a 2023 don laifukan dukiya.

Dalilin gaggawar shi ne titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta dindindin. Takardar miƙa fili ana iya jayayya da ita, amma da zarar mai saye ya yi rajista ya karɓi titir, ko irin mai sauƙin nan da ake kira Sheda, warware shi ya zama jan aiki, domin doka tana ɗaukar titir a matsayin hujja ta ƙarshe. Saboda haka tun a makon farko a kai wasiƙa ofishin rajistar filaye, a sanar da su akwai jayayya a kan ilo kaza, a tambaya ko an shigar da neman titir. Ƙarfe da zafinsa ake bugu.

In takardun sun zo hannu

Kada ka karanta kai kaɗai. Nemi wanda ya taɓa aikin safiyo ko tsohon sakataren kwamin, ku baje su a tabarma ku bi ranaku. Shin shawarar majalisa ta riga takardar miƙa fili, ko bayanta aka yi ta? Faɗin da aka amince a sayar ya yi daidai da abin da aka kewaye? Kuɗin da ke kan rasit ya yi daidai da farashin da aka yanke? Wanda ya sa hannu yana kan kujera a ranar?

Ka shirya zuciyarka kuma, wata rana takardun za su nuna cinikin halal ne. Fili yana iya zama shekara ashirin babu gini, unguwa ta saba da shi har ta ɗauka nata ne, alhali tun farko farsel ne na wani da ke Abidjan ko Libiya yana tara kuɗin bulo. In haka ta fito, a faɗa wa jama'a gaskiya, a bar bawan Allah ya yi gininsa. Shi ma mai sayen da aka yi wa cinikin banza sau da yawa guminsa ya zuba, bai san komai ba, don haka kada a tura yara su rushe masa katanga. Hakan laifi ne, kuma yana mayar da mai gaskiya mai laifi.

Sai maganar waya. Na san yadda hannu ke ƙaiƙayi a saka hoto a WhatsApp ko Facebook a kama suna. Dokar laifukan intanet ta 2019, bayan gyaran da aka yi mata a Yuni 2024, ta dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta waɗannan hanyoyi. In za ka yi magana a fili, ko a rediyon gari, tsaya kan abin da ke hannunka: mun kai wasiƙa ranar kaza, ga lambarta, mun nemi taswira, har yau ba a ba mu ba. Wannan ba wanda zai ce ƙarya ne.

Mu dai sai da muka yi wasiƙa uku da zuwa wurin perefe sau biyu kafin a kira mu. Ba a ba mu kwafi a ranar ba, an dai shimfiɗa taswirar a kan tebur aka ce mu duba. Tsohuwa ce, ta yi ja, an manne tsagewarta da salatif. Yayana bai iya karatun boko ba, sai ya sa yatsa a kan makarantar, ya bi da shi zuwa bayanta, ya tsaya a kan wani murabba'i da ba shi da lamba, an rubuta kalma ɗaya a tsakiyarsa. Ya ce mini: "Karanta min wannan." Na karanta masa: réserve. A lokacin an riga an yi wa ɓangaren gabas rufi, maganarsa tana hannun lauya har yanzu. Ɓangaren yamma kuwa an dakatar da aiki, yashin da tifa ta juye yana nan yara sun baje shi, kuma a bakinsa aka kafa rumfar sunan jikar yayana a watan jiya.